Fitilun jirgina suna dusashewa da dare

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai injin Yamaha, ina fita da iyali shan iska a tafkin Jabi. Sati biyu ke nan, da magariba ta yi in na kunna fitilu, jar ta hagu da koriyar ta dama sai su yi ta lumshewa, farar ta baya ma ta mutu gaba ɗaya. Batir ɗaya ne, mai bolt 12. Me ke jawo haka?

Mai Gyaran Inji:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Fara duba kan batir. Danshi na cin waya, za ka ga kore-kore kamar gansakuka. Kankare shi, ka ɗaure tam, ka shafa giris. Sannan sa mitar auna bolt: cikakken batir yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki ya haura 13.5. In bai haura ba, injin ba ya caji.

Ɗan Yawuri:
Ni shawarata ka ƙara batir na biyu don fitilu kawai, da fis kusa da shi. Na taɓa kwana a tsakiyar ruwa saboda fitilu sun shanye batirin tada inji.

Baban Khalifa:
Na duba, wayar baya ta rube har tana karyewa a hannu. Allah ya saka da alheri.