Abinci na tsaya wa Hajiyarmu a kirji

Mai tambaya, Jidda: Salam yan uwa, Hajiyarmu abinci na tsaya mata a kirji har ruwa ma, da dare sai ya dawo kan filo, duk ta rame kuma maganin olsa bai yi komai ba.

Ma'aikaciyar jinya, Makka: Allah ya ba ta lafiya dan uwa. Zai iya zama akalesiya, tsokar kasan makoshi ce ke kin saki abinci ya wuce ciki. Don Allah ku ga likitan ciki, a zura kyamara, a yi hoton bariyom (a sha wani farin ruwa a dauki hoton X-ray) da gwajin manometri (awon matsin tsokar makoshi), wannan gwajin ne ke tabbatarwa.

Wani daga Madina: Baffana da ya yi wannan ciwon, balan-balan aka zura masa aka fadada wurin, wasu kuma sai tiyata. Akwai allurar Botox mai sassauta tsokar, amma aikinta ba ya dadewa.

Mai tambaya: Na gode sosai, gobe in sha Allah sai asibiti.