Keke Ɗaya Ya Zama Bakwai

Telan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da ke cin raina tun da shagona ya girma. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da arziki, Mai hanawa.

Keke guda na kafa a zaure,
Ina barcina babu damuwa.

Yau ga bakwai da injin surfani,
Da yara shida masu taimakawa.

Wuta ta zo bayan sallar isha'i,
Kafin asuba tana ɗaukewa.

Ran 29 ga Mayun 2023,
Tallafin mai ya tafi ba dawowa.

Litar da ba ta kai naira 200 ba,
Ta wuce 500 tana haurawa.

Janareto ya sha ribar yini,
Mai shago na ta ƙara hayar biyawa.

Mafi ciwo, yaron da na koya wa yanka,
Ana gama Sallah sai ficewa.

Ya buɗe nasa a ƙarshen layi,
Masu ɗinkina can suke komawa.

Hajiya Mai Atamfa, Maraɗi:
Sannu ƙanena. Naka mai ne, nawa boda da bashi.

Daga Kwari nake saro atamfa,
Ta Jibiya kaya ke shigowa.

A 2019 aka rufe boda,
Dilata ta kwana tana tsufewa.

Juyin mulkin Yamai a 2023,
Ya sake sa ƙofa kullewa.

Ga canjin sefa da naira kullum,
Lissafin safe da yamma na rushewa.

Amma ƙanena, duk wannan da sauƙi,
Bashin dangi ke karya ƙashin kowa.

Da ina yawo da turmi biyar a kai,
Ba mai cewa "ba ni bashi, ina kawowa".

Da na yi kanti, sai ga 'yar goggo,
Lefen ɗanta take haɗawa.

In na hana, a ce na yi kuɗi na canza,
In na bayar, jari ke zubewa.

Baba na Dawanau:
Hajiya, kin faɗi gaskiya. Amma kai ɗana tela, ban yarda da kai ba a kan yaron nan.

Shekara nawa ya yi a hannunka,
Kun yanka ranar sallamewa?

Mu a da, in yaro ya iya awo,
Ubangida ke ba shi jarin farawa.

Ya tafi da albarka a kansa,
In ka kira shi yana amsawa.

Ka riƙe shi ba wa'adi ba lada,
Ai dole wata rana ya yi zamewa.

Sannan in tambaye ka, ɗana:
Kuɗin cefane ina kake ɗebowa?

In daga akwatin shago ne kullum,
Ba littafi, ba rubutawa,

To keke ashirin ma ka jera,
Kuɗin na yoyo ba ka ganewa.

Telan Fagge:
Baba, ka taɓa wurin da ke ciwo.

Shekara biyar ya yi, ban sallame shi ba,
Na ɗauka zama ne ba rabuwa.

Littafi kuwa na saya tun bara,
Shafi uku na cika, sai mantawa.

Na je banki neman ƙarin jari,
Ruwan da suka faɗa ya sa ni juyowa.

Babban Banki a ƙarshen 2024
Ya kai nasa ruwan kashi 27.5 cikin ɗari, ina ga na kowa?

Ga tsoron bashi da ruwa a zuciyata,
Wace hanya kuke gani ta ɓullewa?

Hajiya Mai Atamfa, Maraɗi:

Ni adashe ya ɗaga ni, ƙanena,
Mu goma, duk Juma'a muke zubawa.

Akwai Jaiz, bankin da ba ruwa, a Kano tun 2012,
Su sayi inji, su sayar maka, kana biyawa.

Sai dai su ma takarda za su nema,
Shafi ukun nan ba sa isarwa.

Telan Fagge:

Azumi ya kusa, ɗinki ya taru,
Riguna arba'in ke jiran yankawa.

Gobe zan taka zuwa ƙarshen layi,
In kai masa goma ya yi ɗinkawa.

Baba, nawa ne jarin sallama yanzu?
Keke da almakashi na wadatarwa?