Shin laifi ne in raba manhajar ɓoye saƙo a Tawa?

Mai_gyara_Tawa:
Salama alaikum 'yan uwa. Ina gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwar Tawa. Ɗaliban jami'a kan kawo kile (USB) in zuba musu Fedora, wato wani tsarin Linux na tafiyar da kwamfuta, da GnuPG, manhajar ɓoye saƙo, tunda kuɗin intanet ya yi musu yawa. Jiya na ga gargaɗi a shafin Fedora cewa dokar Amurka ta taƙaita fitar da manhajar zuwa wasu ƙasashe. Hankalina ya tashi. Har da mu?

Injiniya_Yamai:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena. Ƙasashen da ke ƙarƙashin takunkumi ake nufi, irin su Kuba, Iran da Koriya ta Arewa. Nijar ba ta ciki. Abin ya samo asali ne tun lokacin da Amurka ke lissafa fasahar ɓoye saƙo cikin kayan yaƙi, manhajar da tsawon mabuɗinta na ɓoye saƙo ya wuce bit 40 ba a fitar da ita sai da izini. Wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, ya saki manhajar ɓoye saƙo ta PGP a 1991, hukumomin Amurka suka yi ta bincikensa har 1996, ba a gurfanar da shi ba. A 2000 aka sassauta dokar sosai. GnuPG kuwa a Jamus aka fara rubuta shi.

Malama_Lazare:
Ni abin da ke damuna shi ne kilen kansa. Malam, kana tantance sa hannun fayil, wato shaidar da ke nuna ba a taɓa shi ba, kafin ka kwafa? Gurɓatacciyar manhaja ta fi wannan dokar haɗari ga yaran nan.

Mai_gyara_Tawa:
Na gode Yaya. Malama, don Allah turo mini matakan tantancewar, gobe da safe akwai masu zuwa.