Zuwa Togo da yara, kowa da jakarsa a baya: akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Baban Nana, Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara tara ina zuwa Lome daga Maradi saro kaya, amma ban san komai a ƙasar ba in ban da tashar jiragen ruwa, kasuwa da masauki. Yarana uku ne, mai 13, mai 10 da auta mai 6, kuma iyakar tafiyarsu tafkin Madarunfa. Ina so a hutun Disamba in ɗauke su da uwarsu mu je, ba da akwatuna ba, kowa ya goya jakarsa, mu hau dutse, mu ga daji da teku. Mahaifiyata ta ce wahalar da yara kawai zan yi. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya ba ni shawara don Allah.

Malam na Bagalam:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni na yi ta a Disamban 2022 da matata da yara biyu. Abu na farko, kada ka haɗa ta da saro kaya. Da ka shiga lissafin kwantena, yara sun zama ƴan zaman masauki.

Mu mun bi Konni, Dogondutsi, Doso, Gaya, muka ƙetara Malanbil, muka kwana Paraku, sannan Kwatano da Lome. Kuskurena shi ne na yi wa yara tafiyar ƴan kasuwa, daga wannan mota zuwa waccan. Kafin mu kai Paraku ƙaramin ya yi amai har ya galabaita, dole muka ƙara kwana. Ka yanka hanyar gida uku ko huɗu. Ka sani kuma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, don haka ka tambayi direbobi a tasha halin da ake ciki kafin ka sa rana. Kuɗi dai babu canji, sefarmu ce a Benin da Togo.

Lome kwana biyu ya isa. Inda tafiyar take shi ne Kpalime, wajen kilomita 120 arewa da Lome, kusa da iyakar Gana. Nan Dutsen Agu yake, wanda ya fi kowane tsawo a Togo, mita 986. Mun ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, muka fara hawa bayan sallar asuba. Hanyar ta ratsa gonakin koko da kofi da ayaba, ga gidaje a jikin dutse, mata na saukowa da kaya a ka kamar a fili suke tafiya. Jagoran ya fasa mana ƙwallon koko, yara suka tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƴaƴan, mai zaƙi da ɗan tsami. Ɗiyata ta tsaya tana shafa gansakuka a jikin dutse, ta tambaye ni wa yake ba wa wurin nan ruwa. Yarinyar da ta saba ganin Gulbi ya koma rairayi da rani! Har yau in na tuna sai zuciyata ta motsa.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Ƙaramin ya gaji, muka zauna gindin wata bishiya muka ci kilishi da burodi, muka sauko. Ban yi nadama ba ko kaɗan. Washegari muka je magangarar ruwa ta Wome. Matakalar sauka tana da tsawo da santsi, a riƙe hannun auta.

Maman Sadiƙ:
Baban Nana, ni ta wajen kayan yara zan yi magana, don mun sha zuwa Kwatano wurin ƙanwata. Kowane yaro da katinsa na rigakafin shawara da takardar haihuwa, a sa a leda, a jakar uwarsu. Ku tafi da sange, sauron can ba ya hutun hunturu kamar namu, kuma ku ga likita tun a gida kan maganin zazzaɓi. Gishiri da sukari na gudawa kada a manta. Jakar auta kada ta wuce gorar ruwa, riga ɗaya da dabino. Takalmi a saya tun yanzu su riƙa zuwa lakwal da shi ya saba da ƙafa, silifa ba ta hawan dutse.

Teku kuma, wallahi ku yi hattara. Igiyar ruwan Lome tana jan babba ma. Su jiƙa ƙafa a baki, hannunsu cikin naku, shi ke nan.

Ɗan Sabon Gari:
Baban Nana, ni dai ina bayan Hajiya mahaifiyarka. Me ya sa ba za ku fara da Yankari a jihar Bauchi ba? Ta fi kusa, Hausa ake ji ko'ina, ga giwaye, ga ruwan ɗumi na Wikki da yara za su yi wanka. Sai dai hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da rana ake binta.

Baban Nana, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar raba tafiya da kasuwa ta shige ni, don da niyyata ke nan. Ɗan Sabon Gari, Yankari tana cikin raina, amma teku na yi musu alkawari. Jiya na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta yi shiru, daga baya ta ce in dai za a je a bar mata auta. Uwarsa kuma ta ce ba ta tafiya ta bar shi. Malam, naka ƙaramin shekararsa nawa lokacin da kuka hau Agu?