Saifa da hantar ɗana sun kumbura, me ya haɗa wannan da tsargiya?

Maman Uku:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Ɗana na tsakiya shekararsa 8. Wajen wata biyu ke nan na lura wandon makarantarsa ya matse masa a ciki, alhali hannuwansa sai ƙara sirancewa suke. Ran nan ina shafa masa mai na ji wani abu mai tauri a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Gabana ya faɗi.

Da muka je asibiti likita ya danna cikin, ya ce saifar ta sauko kamar faɗin yatsa uku, hantar ma ta ɗan leƙo ta dama. Gwajin jini ya nuna maleriya, ga shi ko zafin jiki ba ya yi. Sai kuma ya ce a kawo bayan gidansa a duba tsargiya. Nan kaina ya ɗaure. Ni a sanina tsargiya fitsarin jini ce, yaron nan kuwa fitsarinsa fes. Gaskiya yana bin yayansa wanka a dam, na yi faɗa har bakina ya gaji. To ina ruwan wanka da hanta?

Mai Duba Jini:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Likitan nan ya san aikinsa. Tsargiya ba iri ɗaya ba ce. Wadda kika sani tana zama a jijiyoyin mafitsara, shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari. Akwai ta hanji, ita a bayan gida muke neman ƙwanta, kuma ita ce mai damun hanta.

Ƙwayar cutar daga jikin katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar yaro yana tsaka da iyo. Ba sai ya sha ruwan ba. Bayan kamar mako 6 tsutsar ta girma a jijiyoyin jinin hanji ta fara saka ƙwai. Wasu su fita da kashi, wasu jini ya kwashe su ya kai hanta su maƙale, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya kumbura. In aka yi shekaru a haka sai hanyoyin jinin cikin hanta su yi tabo su ƙuntace, jini ya taru baya, saifa ta ƙara girma.

Ita kuwa maleriya kai tsaye take wahalar da saifa, don ita ce matatar da ke tsince jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga. Yaron da sauro ke ciza kullum yana iya ɗauke da ƙwayar ba zazzabi, saifar tana ta aiki a ɓoye. Tun da daɗewa masana ke ƙirga yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu kumburarriyar saifa don su gane ƙarfin maleriya a yanki. Binciken da aka yi kan 'yan makaranta a Kenya ya nuna kumburin ya fi tsanani ga yaran da cututtukan biyu suka haɗe musu, kuma da yawansu hantar ba ta kai ga yin tabo ba. Wannan ne abin da zai kwantar miki da hankali.

Abu ɗaya: in gwajin farko bai nuna komai ba, ki sake kawowa wata rana. Ba kullum muke kama ƙwan ba, ni kaina na sha rasa shi a zubin farko.

Baban 'Yan Biyu:
Hajiya, na bi ta wannan hanyar da 'yata. Maganin praziquantel ne, da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 40 ga kowane kilo. Ɗaci gare shi ba kaɗan ba. Ki tabbata ya ci ya ƙoshi kafin ya sha; tamu da yunwa ta sha, ta wuni tana jiri da murɗar ciki, laifina ne. Kuma kada ki sa ran cikin ya saɓe a mako guda. Mu sai da muka yi watanni muna komawa ana dannawa kafin saifar ta koma. Inda na yi sakaci shi ne ban hana ta komawa rafi ba, shekara na zagayowa aka sake samun ƙwan. Maganin yana kashe tsutsar da ke ciki ne kawai, ba riga-kafi ba ne.

Anti Nas:
Ƙanwata, an taɓa yi masa gwajin sikila? In ba a yi ba ki roƙa a haɗa, ita ma tana kumbura saifa a yara. Sannan a ajiye ƙwallo da kokawa tukuna, saifa mai girma bugu kaɗan ke fasa ta. Maganin maleriyar ya shanye na kwana 3 ɗin cif, ya dinga kwana a gidan sauro. In kika ga aman jini, ko kashi baƙi ƙirin, ko tafin hannunsa ya yi fari fat yana haki, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sakamako ya fito ɗazu, an ga ƙwan a bayan gidan. Sikila kam an duba tun yana jariri, AA ne. Kilonsa 22, an ba shi ƙwaya ɗaya da rabi, kuma Baban 'Yan Biyu na ji maganarka, sai da ya ci abinci. An ba mu ranar hoton ciki mako mai zuwa. Yayan nasa ma gobe zan tasa shi gaba mu je, tunda shi ne jagoran zuwa dam ɗin. Yanzu haka yana can yana rantse-rantse wai ƙafa kawai yake tsomawa.

Mai Duba Jini:
Ƙafar ma ta isa. Ku zo da fitsarinsa da bayan gidansa duka biyun.