Sandar sunuka mai rage kaucewar farar ƙwallo: wa ya riƙe, yaya ya ji ta a hannu?

Ɗan Tunfure: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abokina zai dawo daga Dubai, ina so ya riƙo min gaban sanda irin wanda ba ya kautar da farar ƙwallo sosai in an buge ta a gefe. Na rasa zaɓi tsakanin Predator 314 ta katako da REVO ta kabon. Wanda ya taɓa wasa da su ya faɗa mana taurinsu da yadda bugu ke dawowa hannu.

Malam Jekadafari: Wa alaikumus salam. 314 nake riƙe da ita. Katakon mapul ne, tsaga 10 aka haɗa, bakinta milimita 12.75. Da na baro sandar gidan wasa na koma kanta, abin da na fara ji shi ne kamar ba ta da ciki. Bugun laushi, ƙarar wani "tok" maras nauyi. Kuma gaskiya ne, an raraƙe cikin gabanta don ya yi sauƙi. Na daɗe ina ɓarar da ƙwallo, saboda hannuna ya saba yin ragi ga kaucewar da yanzu ta ragu. Sai da ido ya sake koyo.

Bolari 8: Oga, REVO ce kawai. Mai bakin milimita 12.4 na gwada wajen wani a Abuja. Tauri kam sai wanda ya ji, ba ta lanƙwasa ko kaɗan, ƙwallo na tashi ba sai ka sa ƙarfi ba. Ƙararta ce ba ta min ba, kamar an buga roba.

Injiniya Pantami: Bari in gyara abu ɗaya, don ina ganin Ɗan Tunfure ya haɗa tauri da kaucewa wuri guda. Abin da ke ture farar ƙwallo gefe shi ne nauyin 'yan incin nan na bakin sanda. In gaban ya yi sauƙi, sandar ce ke gocewa, ƙwallo ta wuce kusan saiti. Shi ya sa ake raraƙe ciki, a rage faɗin baki, a sa zobe maras nauyi. Tauri kuwa ya fi danganta da yadda aka fiƙe jikin sandar. Ina da Z, ita ma ta katako ce ta kamfanin Predator, siririya ce fiye da 314, amma ta fi ta tauri a hannuna, don kaurinta na ƙaruwa tun daga kusa da baki. Sannan fatar baki na canja komai. Na sa mai laushi a Cuetec Cynergy, wata sandar kabon, rabin ƙarar nan da Bolari ke kuka da ita ta tafi.

Malam Jekadafari: Haka ne Injiniya. Amma ka faɗa masa batun yanayi. Da damina katako na kama yatsu, sai da safar hannu. Da hunturu kuma in ka jingine ta a bango ko ka bar ta a mota, sai addu'a kar ta lanƙwashe. Nan kabon ta fi mu.

Baba Mai Tebur: Yara, ku tambaye shi teburin da yake wasa tukuna. Waɗannan sanduna an yi su ne don ƙwallon Amurka mai milimita 57. Yawancin teburanmu na unguwa ƙananan ƙwallaye ne, farar ma ta fi sauƙi. Wani ya zo wajena da mai baki 12.9, ya kasa samun ƙasan farar da kyau, yaro da sandar gida ya cinye shi.

Ɗan Tunfure: Baba, ƙaramin tebur ne gaskiya, babban sai jefi-jefi.

Injiniya Pantami: To nemi mai siririn baki, wajen 11.8. Kuma ka tura wa abokin naka hoton mahaɗin gindin sandarka, don kusoshin da ake murɗawa a haɗa gaba da gindi ba iri ɗaya ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar ina wajen Baba, zo ka buga da Z ɗin kafin ka tura kuɗi.