Shekara nawa gare ku sa'ad da kuka fara neman kuɗi?

Mai buɗe zance, unguwar Zariya, Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da rana tsaka na ga wata yarinya bakin tasha, farantin gyaɗa a ka, silifa ɗaya ya tsinke tana jan shi. Na ce ina lakwal? Ta ce sai gyaɗa ta ƙare. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki kafin shekara 14, ko da koyon sana'a ne. Wagga ba ta kai tara ba. Kowa ya faɗi abin da ya same shi.

Bakanike, Sabon Gari:
Goma gare ni aka kai ni gareji, bayan yunwar 2005 ta cinye awakin babanmu. Shekara biyu ban riƙe sufana ba, sai wankin ƙarfe cikin esansi da aiken shayi. Har yau tafin hannuna fashe yake. Sana'ar ta rufa mani asiri, ban musa ba, amma takardar kaya sai an karanta mani, kuma abin yana ci mani rai.

Wata uwa, Bagalam:
Malam, ni ce uwar irin yarinyar da ka gani. Maigidana ɗan dako ne a Ɗan Isa, bakin iyakar Nijar da Najeriya. Da aka rufe iyaka a 2023 ya zauna wata da watanni ba ko dala. Ƙuli-ƙuli nike yi, ba ni fita, to wa za ya kai kasuwa? Ɗiyata ta maido jika guda, mu sayi gero mu kwana. Ran da ta dawo tana kuka wani ƙato ya riƙe mata hannu, ban runtsa ba har asuba. Da safe na sake aza mata farantin. Allah ya gani, ba son raina ba ne.

Malamin lakwal mai ritaya, Tibiri:
Inna, ba wanda za ya zarge ki nan. Na koyar a wani ƙauye inda aka kawo abincin rana, shinkafa da wake. Iyayen da muka yi shekaru muna roƙo, da kansu suka riƙa koro yara aji. Da buhunan suka ƙare, tabarmi suka koma wayam. Ingila ma ta hana ƴan ƙasa da shekara tara aikin masaƙa tun 1833, amma sai da ta naɗa masu zagayen bincike, kuma aka daɗe kafin abin ya bi jiki.

Mai lambu, Jiratawa:
Mushe, a raba zance biyu. Yaro ya taya ubansa tsinkar zogale bayan an taso, haka muka tashi duka. Abin da ban yarda da shi ba, a goya mashi famfon feshi. Ƙanena ya yi feshi ba ƙyalle a hanci, yana da sha biyu, ya kwana uku likita yana amai. Tun ran nan ni kaɗai ke taɓa maganin ƙwari a gidanmu.